Tambayoyi da Amsoshi a Kan Zaɓen Launukan Fenti Masu Ɗumi Don Gida

Mafi yawan masu gida suna zaɓen launin fenti ne a cikin shago, daga ɗan katin da bai kai tafin hannu ba, sannan su iske wani abu dabam a jikin bango bayan mai fenti ya gama aiki ya karɓi kuɗinsa. Wannan matsala ta fi faruwa da launuka masu ɗumi, domin su ne haske, ƙura da rana suka fi canza wa kama. An tattara tambayoyin da ke ƙasa ne domin mai ginin da ya kai matakin fenti, da mai sabunta gida kafin Sallah ko biki, da kuma mai haya da ke son gyara ɗakinsa.

Waɗanne launuka ne ake kira masu ɗumi?

Su ne launukan da suka karkata zuwa ja, ruwan goro ko ruwan ɗorawa, tare da duk abin da aka samar daga cikinsu ta hanyar ƙara fari ko baƙi. A cikinsu akwai ruwan madara, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan hoda, ruwan ƙasa, launin jar ƙasa da ruwan makuba. Kishiyoyinsu su ne shuɗi, kore mai karkata zuwa shuɗi, da ruwan toka mai sanyi. Shi kansa fari yana iya faɗawa kowane ɓangare, domin akwai farin da aka ɗiga wa ruwan ɗorawa, akwai kuma wanda aka ɗiga wa shuɗi, kuma in aka jera su a bango ɗaya ba sai an yi wa kowa bayanin bambancinsu ba.

Ruwan madara, ruwan zuma da ruwan ƙasa mai haske duk kusan ɗaya suke a kati. Ta yaya zan bambanta su?

Abin da ya kamata a nema shi ne launin da ke ɓoye a ƙarƙashin wanda ido ya fara gani. Kowane fenti mai haske ana haɗa shi ne da farin fenti da ɗigon wasu launuka, kuma ɗigon da ya fi yawa shi ne zai bayyana idan aka shafa fentin a bango mai faɗi. Ruwan madara yawanci ruwan ɗorawa ne a ƙarƙashinsa, saboda haka yana sa ɗaki ya yi haske da fara'a, amma idan ɗigon ya yi yawa sai bango ya koma kamar tsohuwar takarda. Ruwan zuma yana ɗauke da ruwan goro kaɗan, ya fi ruwan madara nauyi, kuma yana dacewa da ƙofofin katako da kujeru masu duhu. Shi kuwa ruwan ƙasa mai haske ya kasu kashi uku: akwai mai karkata zuwa ruwan hoda, akwai mai karkata zuwa ruwan ɗorawa, akwai kuma mai karkata zuwa kore ko toka. A nan ne aka fi yin kuskure, domin mutum ya sayi abin da ya ɗauka ruwan ƙasa ne, da yamma ya ga falonsa ya zama ruwan hoda.

Hanyar gano wannan ba ta da wuya. A ɗora katunan biyu ko uku a kan farar takarda tas, a jera su gefe da gefe, a fita da su bakin ƙofa, kamar yadda mai sayen atamfa ke fito da turmi daga cikin shago domin ta ga ainihin launinsa a hasken rana. Kati ɗaya shi kaɗai ba ya nuna komai, amma da zarar an haɗa shi da ɗan'uwansa sai wanda ya fi ja ya fito, wanda ya fi ɗorawa ma ya fito.

A ganina, ga falo da ɗakin kwana a gidajenmu, ruwan ƙasa mai haske wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa shi ne ya fi sauƙin zama da shi tsawon shekaru. Mai karkata zuwa ruwan hoda yana da kyau, sai dai yana zaɓen abokin zama, kuma ba ya jituwa da tayil mai ruwan madara da ya cika gidaje a yanzu.

Shin launi mai ɗumi yana ƙara wa ɗaki zafi? Garinmu zafi ya riga ya yi yawa.

Wannan tambaya tana da muhimmanci ga duk wanda ya san bazarar Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, inda zafi kan wuce digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu. Amsar ta danganta da ko bangon ciki ake magana ko na waje.

A cikin ɗaki, launin bango ba ya canza zafin iska da wani abu mai yawa. Zafin da ke damun mutane yana shigowa ne ta rufin kwano, ta taga, da ta bangon da rana ta doka daga waje. Abin da launi ke canzawa shi ne yadda mutum ke jin ɗakin a ransa, domin ɗakin da aka shafe bangonsa huɗu da ruwan goro mai ƙarfi yana sa a ji kamar an matse, ko da fanka tana juyawa. Saboda haka launuka masu ɗumi amma masu haske ba su da wata illa a ciki, masu ƙarfin ne ake taƙaita su.

A waje kuwa maganar ta zama ta gaske, amma duhun launi ne ke jawo zafi, ba jansa ko ɗorawarsa ba. Bango mai duhu yana shan hasken rana ya mayar da shi zafi, bulo ya riƙe zafin, sannan ya sake shi cikin ɗaki bayan magariba, lokacin da mutane ke neman barci. Manyan kamfanonin fenti sukan rubuta wata lamba daga 0 zuwa 100 a bayan kati ko a littafin launukansu, wadda ke nuna yawan hasken da launin ke mayarwa. Farin fenti yakan haura 80, ruwan madara yana kusa da 70 ko sama da haka, launin jar ƙasa yakan tsaya wajen 20, ruwan makuba mai duhu kuwa yakan gaza 10. Bangon ɗakin kwana da ke fuskantar yamma bai kamata a shafa masa launi mai ƙaramar lamba ba. Idan ana son launin jar ƙasa a waje, a kai shi katanga, ginshiƙan baranda ko gindin bango, inda zafin da ya sha ba zai shiga wurin kwanan kowa ba.

Na karanta cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa yana bukatar launi mai ɗumi. Haka ne a nan ma?

Wannan shawara an rubuta ta ne domin ƙasashe irin su Ingila da arewacin Amurka, inda rana ke zama a kudancin sararin sama duk shekara, har ɗakin da ke kallon arewa ya kasance cikin haske mai rauni da sanyi. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, kuma a irin wannan wuri rana tana ratsawa ta tsakiyar ka sau biyu a shekara. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma tana karkata kudu, musamman a lokacin hunturu. Don haka bambancin arewa da kudu bai kai na can ba.

Abin da ya fi tasiri a wurinmu shi ne gabas da yamma. Ɗakin da tagarsa ke kallon gabas yana samun hasken safe mai laushi, bayan azahar kuma ya lafa, saboda haka yana iya ɗaukar ruwan zuma ko ruwan ƙwai mai haske ba tare da ya gajiyar da ido ba. Ɗakin da ke kallon yamma shi ne mai wahala. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana hasken da ke shigowa shi kansa ja-ja ne, kuma idan ya faɗa a kan bango mai ruwan goro ko ruwan ɗorawa mai ƙarfi sai launin ya ninka, farin silin ya ɗauki jan, har fuskokin mutanen da ke zaune su canza kama. Irin wannan ɗaki ya fi dacewa da ruwan madara mai rauni ko ruwan ƙasa da aka kashe kaifinsa da ɗan toka.

Akwai kuma ɗakunan da katanga ko ginin maƙwabci ya tare musu haske, abin da ya zama ruwan dare a unguwannin da filaye suka matse. A nan mutane sukan yi tsammanin fari tas ne mafita, amma fari a ɗaki mai duhu yakan koma toka-toka. Ruwan madara ya fi shi raya irin wannan ɗaki.

Me ya sa bangon da ya yi kyau da rana yake canzawa da dare?

Ƙwan lantarki ne. A jikin kwalin ƙwai akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K haskensa ruwan ɗorawa ne, wanda aka rubuta wa 6500K kuwa fari ne mai karkata zuwa shuɗi, kuma irinsa ne ya fi yawa a kasuwa da kuma fitilun sola da na caji. A ƙarƙashin farin ƙwai ruwan madara yakan dushe, wani lokaci har ya nuna kore-kore, launin jar ƙasa kuma ya yi duhu ya rasa armashi. A ƙarƙashin ƙwai mai ruwan ɗorawa launukan suna cika, sai dai bangon da tun asali ruwan ɗorawa ne yana iya wuce gona da iri. Ƙwai mai 4000K yana tsakiya, kuma shi ne ya fi yi wa yawancin launuka masu ɗumi adalci. Sauya ƙwai ya fi sake fenti arha nesa ba kusa ba, don haka a fara gwada wannan kafin a yanke hukuncin cewa launin ne bai yi ba.

Wane launi ne ya fi jure ƙurar hunturu da taɓon damina?

A nan launuka masu ɗumi suna da fifiko bayyananne a kan fari da shuɗi. Ƙurar da iskar hunturu ke kawowa daga Nuwamba zuwa Maris, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, launinta fari-fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, ƙurar hanyoyin unguwa kuma ja ce a wurare da yawa. Bangon da launinsa ya yi kusa da na ƙurar yankin shi ne zai fi daɗewa bai nuna datti ba. Farin bango yana nuna jar ƙura nan take, amma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne bango mai duhu sosai, kamar ruwan makuba, shi ma yana nuna farar ƙurar hazo, musamman a kan duk wani tudu ko zane da ke jikinsa. Matsakaicin ruwan ƙasa da ruwan zuma su ne suka fi rufa asiri.

Da damina kuwa, ruwan da ke zubowa daga indararo ko bakin kwano yana dukan ƙasa ya fantsama jan taɓo a gindin bango, har zuwa kusan gwiwar mutum. Duk wanda ya duba farin gida a watan Agusta zai ga wannan jan layi ya zagaye shi. Maganinsa shi ne a ware gindin bango, kamar santimita 60 zuwa mita 1, a shafa masa launin jar ƙasa ko ruwan ƙasa mai duhu da fentin da ake iya wankewa, sama kuma a bar shi da haske.

Me ya sa jan fenti da ruwan ɗorawa suke saurin koɗewa a waje?

Ba dukkansu ne ke koɗewa ba, ya danganta da sinadarin da aka samar da launin daga gare shi. Ja mai kaifi, ruwan goro mai walƙiya da ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido galibi ana yin su ne da sinadaran da hasken rana ke karya su sannu a hankali, kuma ranarmu ba ta da sauƙi. Launukan ƙasa kuwa, wato jar ƙasa, ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa mai duhu-duhu, ana samar da su ne daga sinadarin tsatsar ƙarfe, wanda shi ne ke ba jar ƙasarmu launinta tun asali, kuma rana ba ta cika yi masa komai ba. Haka nan yana jure kaifin siminti fiye da sauran.

Maginan gargajiya sun daɗe da aiki da wannan iyali na launuka. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, an yi amfani da ita wajen shafe bango da daɓen ƙasa, tana ƙarfafa su tana kuma ba su launi mai duhu da ɗan ja. Tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, da unguwar Birni ta Damagaram, da Gidan Makama a Kano, duk suna nuna yadda launin ƙasa ke zama daram a ƙarƙashin wannan rana. A fuskar fadar Zazzau kuwa, inda aka yi ado da launuka masu kaifi, an sanya su ne a cikin zane. Wannan tsari yana da amfani ga mai gidan siminti ma: launin ƙasa ya ɗauki babban fili, mai kaifi kuma ya tsaya a wurin da sabunta shi ba zai ci kuɗi da yawa ba.

Ina son bango ɗaya mai launi mai ƙarfi a falo. Tsakanin ruwan goro, jar ƙasa da ruwan makuba, wanne zan ɗauka?

Ruwan goro shi ne ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma aka fi saurin gajiya da shi. Ya fi dacewa da wurin da ba a daɗewa a zaune, kamar baranda ko hanyar shiga. Ruwan makuba yana da kwarjini, yana kuma haɗuwa da labule mai ruwan gwal, amma yana shanye haske, don haka sai falo mai faɗi da manyan tagogi, kuma yakan bukaci shafi uku kafin ya rufe bango daidai. Launin jar ƙasa yana tsakaninsu, kuma shi nake ba wa mafi yawan mutane shawara, domin yana jituwa da katako, fata, tabarma da kafet mai zane.

Bangon da za a zaɓa ya kasance wanda ba shi da taga, domin launi mai duhu a gefen taga mai haske yana gajiyar da ido. Masu adon gida suna da wani ƙiyasi da ke taimakawa: kashi 60 na abin da ido ke gani a ɗaki ya zama launi mai laushi, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 kacal mai ƙarfi.

Launi mai ɗumi yana rage girman ƙaramin ɗaki?

Mai duhu ko mai kaifi yana sa bango ya zama kamar ya matso, mai haske kuwa ba ya yin haka. A ƙaramin ɗaki a bar silin fari, a yi bango huɗu da launi ɗaya mai haske.

Za a yi jeren amarya. Fenti za a fara zaɓa ko kayan ɗaki?

Kayan ɗaki za a fara dubawa. Launukan fenti ba su da iyaka kuma ana iya haɗa duk wanda ake so, amma kujeru, gado, labule da kafet in an saya an saya. Abin da yakan faru shi ne ango ya sa a yi fenti da abin da ya ga dama, dangin amarya kuma su iso da kujeru masu launin da bai san da su ba, ranar jere a ga bango da kaya suna faɗa da juna. Tambaya ɗaya tsakanin gidajen biyu tana isa ta hana wannan. Idan kayan suna da ruwan gwal, ruwan makuba ko katako mai duhu, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske zai karɓe su. Idan ruwan toka ne ko ruwan azurfa, a nemi ruwan ƙasa mai karkata zuwa toka, a guji mai ɗorawa da yawa. Idan kuma babu halin sanin kayan, farin da aka ɗan ɗumama shi ne ba ya saɓa wa komai.

Fentin ruwa da fentin mai suna nuna launi iri ɗaya?

Ba sa nunawa iri ɗaya. Fenti mai sheƙi yana sa launi ya ƙara ƙarfi, yana kuma fallasa duk wani lotsawa ko tudu da ke jikin filasta, yayin da fentin ruwa marar sheƙi ke tausasa launin ya ɓoye aibin bango. Matsalar marar sheƙi ita ce wanki. A duba kewayen makunnin fitila, da gefen ƙofa, da daidai tsayin hannun yara, nan ne baƙin shatin yatsu ke taruwa, kuma goge shi da ruwa yakan ɗebe fentin. Don haka a madafa, hanyar wucewa da ɗakin yara, fentin ruwa mai ɗan sheƙi wanda ake iya gogewa ya fi dacewa. Farin fentin mai da ruwan madararsa kuma sukan ƙara yin ɗorawa da kansu bayan shekaru, musamman a wurin da haske bai cika shiga ba.

Akwai batun lafiya da ya shafi launuka masu ɗumi kai tsaye, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. An daɗe ana amfani da sinadarai masu ɗauke da dalma wajen samar da ruwan ɗorawa, ruwan goro da ja a fentin mai, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa waɗannan launuka ne suka fi yawan dalma. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan ɗaya. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma suna ɗaukarta ne daga ɓarɓashin tsohon fenti da ƙurarsa da ke zuwa hannu da baki. A nemi gwangwanin da aka rubuta cewa ba a sa masa dalma ba, a fifita fentin ruwa a ɗakunan yara, kuma idan za a kankare tsohon fentin mai daga ƙofa ko taga a jiƙa shi tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu daga wurin har a share a goge.

Yaya ake gwada launi kafin a sayi bokiti?

A sayi ƙaramin gwangwani na launuka biyu ko uku da ake shakka a kansu, a shafa kowanne a fili mai faɗin kusan mita 1, shafi biyu, a bar tazara tsakaninsu. A yi haka a bangon da ke kallon taga da kuma wanda ke cikin inuwa. Kada a yanke hukunci sai ya bushe sarai, domin launin ɗanyen fenti dabam yake da na busasshe. Daga nan a duba shi da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da kuma bayan isha'i a ƙarƙashin fitilar da za a riƙa amfani da ita. A tuna cewa launi yana ƙara ƙarfi idan ya mamaye bango huɗu, saboda kowane bango yana mayar wa ɗan'uwansa haske, don haka idan an rasa zaɓi tsakanin biyu, wanda ya fi haske shi ne ya fi aminci.

Fenti nawa ɗaki ɗaya zai ci, kuma yaya za a kauce wa bango ya fito kala biyu?

Fentin ruwa mai kyau yakan rufe kimanin murabba'in mita 10 da lita 1 a shafi ɗaya, idan bangon yana da santsi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, mai tsayin mita 3, bangonsa yana kai kusan murabba'in mita 40 bayan an cire ƙofa da taga. Shafi biyu zai ci wajen lita 8, wato galan 2 masu lita 4. Bango mai kaushi ko sabuwar filasta suna shan fiye da haka, fenti mai arha ma yakan bukaci ƙarin shafi.

Bango yana fitowa kala biyu ne saboda dalilai uku. Na farko, haɗa launi da hannu: mai fenti ya ɗiga launi a bokitin farko da ido, ya ƙare, ya haɗa na biyu, kuma da wuya su zo daidai, musamman a ruwan madara da ruwan zuma inda ɗigo kaɗan ke canza komai. Idan da hali a sayi wanda injin kamfani ya haɗa mai lamba, in kuwa da hannu za a haɗa, a juye dukkan fentin ɗakin a babban mazubi ɗaya a gauraya shi gaba ɗaya kafin a fara. Na biyu, yawan tsarma fenti da ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokiti. Na uku, gaggawar shafa fenti a kan filastar da ba ta bushe ba, wadda ke fitar da farin gishiri ta ƙarƙashin fentin, kuma wannan ya fi muni a launuka masu duhu irin su jar ƙasa da ruwan makuba. Sabuwar filasta tana bukatar aƙalla mako 4 kafin a taɓa ta, fiye da haka ma idan da damina ne, sannan a fara da fentin share fage mai jure siminti. Bayan an gama, a rubuta sunan kamfani da lambar launin a ajiye, a kuma rufe ragowar fentin da kyau a wuri mai inuwa domin gyaran wuraren da za su goge daga baya.